Ƙishirwar Nazifi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aron Nazifi shekara goma sha shida sannan ya karɓi abinsa. Ni ce yayarsa Rabi, 'yar fari a ɗakinmu, shi kuma auta. Ina koyarwa a makarantar firamare a Zakirai, inda nake aure. Gidanmu na haihuwa yana wani ɗan ƙauye tsakanin nan da Minjibir, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a taka maƙwabcinka ya ce maka sannu daga tasa.

Na rubuta wannan ne saboda da mu ma mun taɓa jin labari irinsa, da wataƙila mun gane abin da ke gabanmu da wuri. Kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan na sani. Amma akwai wuraren da muka yi kuskure, kuma gara a faɗe su. Abin da ban gani da idona ba na tambayi waɗanda suka gani: Inna, da Baba, da Bashir, abokinsa tun suna gudu ba wando.

Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu wane ne Nazifi, zai ce maka yaron nan mai shanun huɗa. Baba yana da bijimai biyu, Jatau da Tauraro, kuma tun Nazifi yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara riƙe garma. Baba yakan ce, "Ni da sanda nake kora su, shi da baki." Hira yake yi musu kamar mutane. In Jatau ya karkace sai ka ji yana cewa, "Haba Alhaji, da girmanka," sai kuma sa ya dawo kan layi. Kunyarsa miƙaƙƙiya ce kamar an ja da igiya, har manya sukan tsaya a bakin hanya su duba.

Inna kuwa ba shanu take tunawa ba. Ƙanzo take tunawa. Ta ce ba ta taɓa jiƙa tukunyar tuwo da safe ta tarar da ƙanzo ba, don Auta ya riga ta. Ni ba ta kiran sunana, kunyar 'yar fari, amma shi Auta ne sau ɗari a yini, kuma ba ta ɓoye cewa shi ne na gaban goshi.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne kwaikwayo. Ba muryar da ba ya iyawa. Wata rana muna tsakar gida da matan maƙwabta ana ɓarar gyaɗa, kowa ya saki jiki, sai muka ji gyaran muryar Baba a zaure. Mata suka hau rarumar mayafai, wata har ta kifar da ƙwarya. Sai ga Nazifi ya shigo yana shan rake. Ran nan Inna ta bi shi da muciya har bakin rijiya tana dariya. Yana aji huɗu na sakandare a Minjibir, a keke yake zuwa, kuma burinsa ya zama malamin dabbobi.

Ciwon ya fara ne da damina, ana tsakiyar huɗa, kuma bai zo da kamar ciwo ba. Ƙishirwa ce kawai. Yakan fita da jarkar ruwa cike, kafin hantsi ya shanye, ya aika a ƙaro. In ya dawo gida bakin randa yake fara tsayawa, moɗa uku, moɗa huɗu.

Inna ta ce, "Auta, rami ne a cikinka?"

Ya ce, "Rana ce, Inna. Ki zo ki bi bayan Jatau ki gani."

Ci ma ya ƙaru. Yana cinye malmala uku ya nemi ƙari, Inna tana murna wai yaro yana girma. Ba wanda ya haɗa wannan ci da ramar da ta fara bayyana a wuyansa.

A mako na biyu Bashir ya lura da abubuwa biyu, don ɗaki ɗaya suke kwana a soron gidanmu. Na farko, Nazifi yana yawan fita fitsari, kafin asuba sai ya tashi sau biyar ko fiye. Na biyu, a gefen gona inda yakan zaga, kiyashi suna taruwa a wurin baƙi ƙirin. Bashir ya nuna masa, suka yi ta dariya, yana ce masa har kiyashi sun san shi ɗan gata ne. Ranar da yake ba ni wannan labari bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Yaya Rabi, da idona na gani, na mai da shi wasa."

A mako na uku na zo gida suna, ran Juma'a. Da na gan shi gabana ya faɗi. Wandon da na ɗinka masa da salla ya ɗaure da igiya don kada ya zame. Idanunsa sun faɗa, leɓensa a bushe. Na ce a kai shi a duba shi. Muka je kemis ɗin da kowa ke zuwa a bakin titi. Mai kemis ya taɓa goshinsa, ya buɗe idonsa, ya ce taifot ce da maleriya suka haɗu. Bai gwada jini ba, mu ma ba mu ce ya gwada ba. Ya yi masa ƙarin ruwa leda biyu, ya haɗo ƙwayoyi, ya ce a riƙa ba shi abu mai zaƙi don ya sami ƙarfi. Ni da hannuna na sayi lemon kwalba katan guda na ajiye masa a ƙarƙashin gadon Inna, na ce kullum ya sha biyu. Wannan katan har yau yana zuwar mini a rai.

'Yan dubiya kuwa kowa da tasa. Gwaggo ta ce shawara ce, ta kawo jiƙo. Wani ya ce miƙewa yake yi, haka samari ke ramewa in za su yi tsawo. Wata ta ja Inna gefe ta ce yaro mai farin jini irin wannan a nemi tsari, an yi masa baki. Aka karɓo rubutu, ya sha. Duk wanda ya kawo abu da zuciya ɗaya ya kawo, kuma duk mun karɓa.

A mako na huɗu ya faɗi a bayan garma. Baba ya hana shi fita, amma akwai ragowar huɗa a gonar dawa, ya lallaɓa ya ɗaura wa shanu karkiya. Wani mai wucewa ne ya ga shanu tsaye cik a tsakiyar gona ba kowa a bayansu, ya leƙa ya gan shi kwance tsakanin kunyoyi. Aka ɗora shi a babur, Bashir ya riƙe shi ta baya, sai asibitin da ya fi kusa da mu. Ni daga makaranta na wuce can.

A nan Allah ya haɗa mu da wata nas, dattijuwa, 'yar asalin Barno da ta daɗe a ƙasar Kano. Ta sunkuya ta shinshina numfashinsa, ta tambayi ko yana yawan shan ruwa. Muka ce wata guda ke nan. Ta soki ɗan yatsansa ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce sugan da ke jininsa ya wuce abin da na'urar ke iya ƙirgawa.

Ta ce, "Me yake sha a gida?"

Na ce, "Lemo. Ni na saya masa."

Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ba ki sani ba ne, 'yata. Yanzu kin sani. Ku wuce birni da shi yanzun nan, kada ku biya gida." Ta sa masa ruwa a hannu, ta rubuta mana takarda, ta raka mu har bakin mota. Ban san sunanta ba, amma ba na sallame salla ban sa ta a addu'a ba.

Babban asibitin birni wata duniya ce. Layin kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin gwaji daban, kuma kowane layi sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Ba gado. A kan benci aka fara duba shi, Baba yana riƙe da ledar ruwa a sama da hannunsa har hannun ya sage, Bashir ya karɓe shi. Komai sai an fita waje an sayo, har auduga. Sakamakon gwajin farko ya ɓata tsakanin ofis da ofis, aka ce mu sake. Duk da haka, a wurin nan wata mata da ke jinyar ɗanta ta matsa mana tabarmarta ba ta san mu ba, kuma kwana goma sha ɗayan da muka yi, ba ta taɓa buɗe kwanon abinci ba tare da ta ce mana bismilla ba.

Likitan da ya karɓe shi matashi ne, siriri, ba ya gaggawar magana. A rana ta uku da Nazifi ya farfaɗo sosai, ya tara mu a bakin gado ya ce ciwon suga ne.

Baba ya ce, "Likita, ai suga ciwon tsofaffi ne da masu kuɗi. Yaron nan gero ya sani da dawa."

Likita ya ce, "Baba, iri biyu ne. Nasa ba abin da ya ci ne ya jawo ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, ana ce masa insulin. Shi ke buɗe wa abinci ƙofa ya shiga jiki. Nasa jikin ya daina yi, shi ya sa yana ci yana ramewa. Za mu riƙa ba shi ta allura."

"Har zuwa yaushe?"

"Har ƙarshen rayuwarsa. Kuma zai iya yin tsawon rai da ita, ya yi aure, ya yi noma." Sai ya juya ga Nazifi. "Ko ka ji ka warke, kada ka daina. Musamman ma in ka ji ka warke."

Wannan magana ta zauna mini daram. Na ɗauka ta zauna wa kowa.

Kafin a sallame mu aka koya masa yi wa kansa allura. Da lemon zaƙi ya fara koyo, yana soka masa yana cewa, "Yi haƙuri, Malam, ba zafi." Ya iya tun kafin ni in daina runtse ido. Da yake ba mu da firji, aka nuna mana dabara: 'yar tukunyar ƙasa a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, a sa kwalbar a ciki a rufe. Inna ta ɗauki wannan tukunya kamar jariri. Ba ta bari kaza ma ta gifta ta wurin.

Watannin da suka biyo baya su ne nake so in riƙa tunawa. Kumatunsa suka dawo. Ya kwance igiyar wando. Ya koma makaranta, ya koma wurin shanunsa. Gidan gaba ɗaya aka daina sa suga a koko don kada ya ji shi kaɗai ne, Baba yana sha yana yamutsa fuska yana cewa wannan ai horo ne, amma bai taɓa cewa a sa masa ba. Inna ta koma miyar zogale da kuka, ta auna masa tuwo da ƙaramin kwano, shi kuma yana roƙon a bar masa ƙanzo ko na tafin hannu ne.

Akwai wata la'asar da kaka, ana tsigar gyaɗa a gindin ɗorawar bayan gida. Dukanmu muna nan, har da mijina da yarana biyu, ni kuma da tsohon ciki. Nazifi ya rataya igiyar akuya a wuya a matsayin abin awon likita, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba mu da muryar likitan nan, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Ya ce Gwaggo tana da ciwon yawan magana, ba ya warkewa. Ya ce Bashir yana da ciwon kallon wata yarinya mai tallar awara. Da ya zo kan Baba ya tsaya, kowa ya yi tsit a ga ko zai iya. Ya ɗora igiyar a ƙirjin Baba ya ce, "Wannan dattijo, rashin suga ne ke damunsa." Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin gyaɗa. Ban ƙara ganin ya yi irin wannan dariya ba.

Duk wata nake raka shi birni. A zuwa na huɗu likita ya ga sugan ya daidaita ƙwarai, ya rage yawan allurar. Ya ce mini wani lokaci jiki yakan ɗan farfaɗo na 'yan watanni, hutu ne kawai, ba warkewa ba. Ni kaɗai na ji wannan. Da muka dawo gida abin da ya shiga kunnen kowa shi ne an rage allura. Inna ta yi sadakar ƙosai. Na faɗi maganar hutun, amma sau ɗaya na faɗa, cikin hayaniyar murna, ban nanata ba.

A gefe guda kuma jinya tana cin gida. Gyaɗar shekarar gaba ɗaya ta tafi a allura da abin gwaji da kuɗin mota. Tunkiyar Inna ta bi. Da rani ya fara shigowa Baba ya kira wani dillali ya zo ya duba Tauraro. Suna tsaye a bakin turke suna magana ƙasa-ƙasa, ba su san Nazifi yana bayan danga yana sauke harawa ba. Bai ce wa kowa komai ba sai Bashir. Ya ce masa, "Sa ɗaya ba ya jan garma. In aka sayar da Tauraro, an sayar da noman gidan nan saboda ni."

A daidai wannan lokaci Kawu Idi ya zo. Ƙanin Inna ne, mai sayen hatsi kasuwa-kasuwa, kuma duk dangi ba wanda ya kai shi son Nazifi. Shi ya saya masa keken makaranta. A wata kasuwa ya ci karo da mai magani da lasifika a kan mota, yana shelar maganin suga sha yanzu magani yanzu, mutane suna ba da shaida. Kawu ya sayo jarka guda da kuɗinsa. Sharaɗin mai maganin ɗaya ne: kwana ashirin da ɗaya ana sha, kuma ba a haɗa shi da allurar asibiti.

Ni a lokacin na haihu, ina wankan jego a Zakirai. Inna ta ba ni labarin yadda aka yi a tsakar gida. Ta ce ita hankalinta bai kwanta ba.

Ta ce wa Kawu, "Idi, likita fa ya ce kada a daina."

Kawu ya ce, "Yaya, likitan da kansa ba ya rage ba? Cutar ta yi rauni, ƙarasa ta kawai za a yi. Za mu zuba ido yaro ya ƙare rayuwarsa yana huda cikinsa?"

Baba bai ce komai ba, yana kallon ƙasa. Nazifi ne ya yi magana. Ya ce, "Baba, a gwada. In na warke ba sai an sayar da komai ba."

Inna ta ce to a tambayi yayarsa. Kawu ya ce mai jego ba a tayar mata da hankali, in ya warke sai a kai mata albishir. A haka aka tsaya, aka ajiye allura ya fara shan maganin.

Ina kiransa a waya kusan kullum. Yakan ɗauka da kukan jariri, ya kwaikwayi ɗana har sai na ce ya isa. Sau ɗaya na tambaye shi ko yana yin allurarsa a kan lokaci. Ya ce, "Yaya, kin cika tambaya kamar alƙali." Na yi dariya na bar maganar. Bai yi mini ƙarya ba, kaucewa ya yi, ni kuma na bar shi ya kauce.

Makon farko ba a ga komai ba, har Kawu ya fara karɓar barka. A mako na biyu ƙishirwa ta dawo. Kawu ya kira mai maganin, ya ce cutar ce ke fita ta fitsari, a ƙara yawan abin da yake sha. A kwana na goma amai ya fara, da ciwon ciki mai tsanani. Aka sake kira, ya ce haka take yi in za ta rabu da mutum, a daure. Inna ta ce sau biyu tana zuwa gindin randa ta buɗe tukunyar ta kalli kwalbar, ta mayar ta rufe, don an ce haɗa su haɗari ne.

Ranar kwana na goma sha biyu da safe Bashir ya kira ni. Ya ce an hana shi faɗa, amma shi ba zai iya ba. Na saɓa jariri ɗan kwana ashirin a baya na hau babur.

Na same shi a gadon Inna, yana jan numfashi mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, ɗakin yana wani wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Na kira sunansa. Ya buɗe ido da ƙyar ya dube ni.

Ya ce, "Yaya, kin fito ba ki yi arba'in ba?"

Na ce, "Na fito. Tashi za mu tafi."

Ya ce, "Kada ki yi wa Kawu faɗa. Ni na ce a gwada."

Daga wannan bai ƙara haɗa magana ba. Muka ɗauki shatar mota kai tsaye zuwa birni. Wannan karon ba a tsayar da mu a layi ba, ganin halinsa ya isa. Likitan nan ne muka tarar. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Kwana nawa?" Na ce goma sha biyu. Sai ya naɗe hannun riga. Na shaida sun yi iya ƙoƙarinsu, shi da ma'aikatan da ke tare da shi, ba wanda ya zauna. Washegari bayan azahar, Baba yana riƙe da ƙafarsa, Inna tana yi masa kalmar shahada a kunne, Nazifi ya cika.

An binne shi a ƙauye kafin magariba. 'Yan ajinsu suka zo da kayan makaranta a jikinsu, suka yi ta karɓar makara hannu da hannu har ba a bar wa manya wuri ba.

Wata uku ban yi wa Kawu Idi magana ba. Ban yi masa faɗa ba, tunda an roƙe ni, amma in ya shigo ta nan sai in fita ta can. Ya koma kasuwar ya nemi mai maganin, aka ce ya daɗe da ɗaga, lambarsa ma ba ta shiga. Wata ranar Asabar ya zo Zakirai ya zauna a dakalin ƙofar gidana tun hantsi, bai aiko a ce ya zo ba. Mijina ne ya gan shi. Da na fito na ga yadda ya tsufa a wata uku, sai na kasa riƙe abin da na riƙe. Ya ce, "Rabi, da hannuna na ɗauko." Na ce, "Kawu, ni ma da hannuna na ɗauko lemo." Muka zauna a nan muka yi kukanmu. Baba kuwa har yau in aka ɗora wa Kawu laifi sai ya ce, "Ku bar Idi. Ni ne uba, kuma ni na yi shiru."

Don haka ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta. In yaronka ya fara shan ruwa ba ƙoshi, yana yawan fitsari, yana ci yana ramewa, kada ka tsaya kemis, kada ka jira mako huɗu kamar mu. Ka je inda za a soki yatsa a gwada, abin minti ɗaya ne. In kuma aka ɗora shi a kan allura, duk wanda ya ce a ajiye ta a gwada wani abu, ko uwarka ɗaya da shi, ka ce a'a. Kuma maganar kuɗin jinya, a yi ta nesa da kunnen mara lafiya. Yara suna ji, kuma suna yanke hukunci a ransu ba su gaya wa kowa ba.

Lokacin zaman makoki mun ji labaransa da yawa da ba mu sani ba. Malaminsu ya ce shi ke gyara wa 'yan aji ɗaya kekunansu a bakin ƙofar makaranta. Wani Bafulatani ya zo daga ruga ya ce yaron ya taɓa taya shi cire wa saniya ƙaya a kofato. Amma wanda ya fi tsaya mana ya zo ne daga baya, da ruwan farkon damina ya sauka.

Ina gida ran nan, Baba yana zaure yana gyaran igiyar karkiya, sai ga wata tsohuwa da sanda ta yi sallama. Ba mu santa ba. Ta ce sunanta Hansai, daga unguwar da ke hayin rafi take, mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata duk suna aure nesa. Ta yi rani a wurin 'yarta a Ɗanbatta, shekaranjiya ta dawo.

Ta ce, "Nan ne gidan yaron nan mai shanu, mai yi musu hira? Na zo in gaya masa gonata ta sha ruwa. Bana na ga shiru."

Na dubi Baba. Ya ajiye igiyar a hankali ya ce, "Iya, yaron Allah ya yi masa rasuwa. Da rani."

Tsohuwar ta yi salati ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Sannan ta ce damina biyu ke nan yana zuwa ya yi mata huɗar 'yar gonarta, ko bara da ta ga ya rame sai da ya zo. Bai taɓa karɓar ko ƙwandala ba. In ta matsa sai ya ce a ba shi ruwa kawai.

Ta ce, "Ko sunansa ban riƙe ba. Cewa ya yi babansa ne ke turo shi. Shi ya sa na ce in na zo zan yi maka godiya, Malam."

Baba ya ce, "Ya ce ni ke turo shi?"

"Haka ya ce."

Baba ya juya fuskarsa wajen bango. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo ya share ido da bakin riga ya ce, "Sunansa Nazifi, Iya. Ki riƙe, ki riƙa sa shi a addu'a. Gonar kuma ki cire ciyawar bakin hanya, gobe da hantsi muna tafe."

Washegari shi da Bashir suka ɗaura wa Jatau da Tauraro karkiya suka haye rafi. Baba ne ya riƙe garma. Bashir ya ce kunyar farko ta karkace, ta biyu ma haka, tsohuwar tana tsaye da moɗar ruwa tana kallo. Baba bai bari a karɓe shi ba sai da ya kai ƙarshen gonar.

Allah ya jiƙan Nazifi, ya shayar da shi daga tafkin da ba a ƙara jin ƙishirwa bayansa. Mu kuma ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.